Kebul ko haddis: wanne ya fi saurin kwashe bidiyon biki daga kwamfuta zuwa kwamfuta?

MaiKyamara_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana kwamfuta a taimake ni, abin nan ya ishe ni. Ina da ɗan shagon ɗaukar bidiyon biki a Mabera. Kwamfutoci biyu gare ni: laftof da nake juye memorin kyamara a kanta, da babba ta tebur wadda yarona yake haɗa bidiyon a kanta. Biki guda, daga kamu zuwa walima, mukan tashi da giga 240 ko kusa da haka. A da, da haddis na waje (faifan ajiya da ake sokawa ta USB) nake kwashewa, yana nuna mini wajen 100 MB/s. Sai wani abokina ya ce wahalar da kaina kawai nake, in haɗa su da kebul na netwok, wai gigabit ne, gudun dubu. Na sayo kebul mita 10, na soka su duka biyun a bayan rawutar shago. Jama'a, 11 MB/s! Na fara bayan la'asar, har munka yi isha'i ba ta gama ba, daga nan anka ɗauke wuta, babbar ta mutu. To ina dubun take? Kuma in kuɗi zan kashe, SSD (ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa a ciki) zan saya ko wata na'urar netwok?

Bagobirin_Gwiwa:
Wa alaikumus salam. Shi abokin naka da ya ce maka dubu, ka tambaye shi dubun mi? Ai da dubun naira da dubun sefa duk dubu ne.

Injiniya_Arkilla:
Maganar Bagobiri wasa ce amma ita ce rabin amsar. Masu netwok da bit suke ƙirga, Windows kuwa in tana kwafar fayil da bayit take nuna maka, kuma bit 8 ne bayit 1. Ƙaramin b a Mb bit ne, babban B a MB bayit ne. Don haka gigabit, wato 1000 Mb/s, in ka raba takwas 125 MB/s ne. Ka cire abin da adireshi da lissafin kunshin saƙo suke ci, abin da za ka gani da idonka tsakanin 110 ne zuwa 118. Dubu ba za ka taɓa ganinta a wannan akwatin kwafin ba.

Amma malam, kai ko gigabit ɗin ba ka samu ba. Wannan 11 ɗin da ka faɗa sananniyar lamba ce, duk mai aikin netwok da ya ji ta ya san layin ya tsaya a 100 Mb/s. Raba 100 da takwas, 12.5, cire haraji, 11 da 'yan kai. Giga 240 a wannan tafiyar awa shida ne cif. Da a gigabit ne, minti 36 ya ishe ka.

Abu_Hanifa_RunjinSambo:
Ni dai ina ganin sabis ne. Kwanakin nan netwok ya lalace a garin nan gaba ɗaya, ko WhatsApp da ƙyar yake buɗewa da yamma. Ka gwada da tsakar dare ka gani.

Injiniya_Arkilla:
@Abu_Hanifa a'a ɗan'uwa, nan babu ruwan intanet. Fayil ɗin daga laftof yake fita, ya bi kebul ya shiga rawuta, ya fito ta wani kebul ya shiga ta tebur. Ko ƙofar shagon bai leƙa ba. Ko ya zare layin SIM da ke cikin rawutar, ko datarsa ta ƙare, kwafin zai ci gaba.

Abu_Hanifa_RunjinSambo:
Ikon Allah. Wallahi ni duk na ɗauka data take ci. Na gode.

MaiJanKebul:
Ni aikina ke nan, jan kebul da kafa kyamarorin tsaro, bari in faɗi abin da nake yawan tararwa. Cikin kebul ɗin nan siraran wayoyi takwas ne, an murɗe su bibbiyu. Gudun 100 guda huɗu kacal yake amfani da su, gigabit kuwa sai duka takwas ɗin sun taɓa. In guda ɗaya ba ta matsu da kyau a kan roban nan ba, ba za a ce maka komai ba, layin zai koma 100 shiru abinsa, fitila tana ci, kai kana ganin komai lafiya. Watan jiya na je wani ofis wajen Gawon Nama, shekara biyu suna zagin kwamfutocinsu. Na ɗaga kan kebul ɗin na haska da fitilar waya, sai ga wayar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa ta tsaya rabin hanya, ba ta kai ga haƙorin ba. Na yanke, na sake jerawa, na matse. Kai guda na roba, shi ke nan ciwon shekara biyu.

Akwai kuma kebul na arha da cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare shi da reza, in ka ga fari ya fito to ka san abin da ka saya. A mita 10 zai iya yi maka aiki, amma saurin karyewa gare shi. Na kirki, Cat5e ma ya isa gigabit har mita 100, kada wani ya tsorata ka sai ka sayi mai tsada.

Injiniya_Arkilla:
Gaskiya ne, amma ni na fi zargin rawutar. Da yawa daga ƙananan rawutocin nan ramukan bayansu 10/100 ne, ko da kwalin ya rubuta manyan lambobi. Lambobin na Wi-Fi ne. @MaiKyamara ka shiga saitin netwok na Windows, ka buɗe Ethernet, za ka ga gudun layi, ko 100/100 ko 1000/1000. Sannan ka juya rawutar ka karanta 'yar takardar da ke manne a ƙarƙashinta, ka nemi lambar samfurin.

Dalibi_Dundaye:
Salam manya. Ni a ganina ya bar maganar netwok ɗin nan kwata-kwata, don ko gigabit ɗin ya samu an bar shi a baya. USB 3.0 tun 2008 take da 5 Gb/s, ninki biyar ke nan. SATA III, hanyar da ake jona faifai a cikin kwamfutar, 6 Gb/s ce tun 2009. Gigabit a kan kebul na jan ƙarfe kuwa fasahar 1999 ce, ta girme ni. To me zai sa mutum ya bar 5 ya koma 1?

Injiniya_Arkilla:
Ƙanena, lambobinka daidai ne, amma faɗin ƙofa ka faɗa, ba gudun mai fitowa ta cikinta ba. Shi da kansa ya ce haddis ɗinsa a USB 3 yana ba shi 100 MB/s. Ina biyar ɗin? Faifai ne a ciki yake juyawa sau 5400 a minti, da ɗan hannu mai karantawa, iyakar ƙarfinsa ke nan ko ka buɗe masa Ƙofar Rini. Kuma yana cika yana ƙara nauyi, saboda daga bakin faifan ake fara rubutu, inda da'irar ta fi faɗi, a gangaro ciki.

Sannan su ma 5 da 6 ɗin ba a raba su da takwas. A SATA da USB 3.0, duk bit 10 da suka bi waya 8 ne kaya, 2 na daidaita tafiya ne. Shi ya sa SATA III take tsayawa a 600 MB/s, SSD mafi kyau a kanta 550 za ka gani. USB 3.0 kuwa 500 a takarda, a aikace 400 zuwa 450.

Abin da ka manta kuma: haddis na waje sau biyu ake kwafa. A zuba, minti 40. A zare a kai wancan tebur a juye, wani minti 40. Awa ɗaya da minti 20. Kebul na gigabit sau ɗaya ne, minti 36. Ka ga 1 ta wuce 5 ke nan.

Dalibi_Dundaye:
Na karɓi gyara Injiniya. Amma in SSD ce ta waje a 400, minti 10 zuwa, minti 10 juyewa, ka ga 20. Har yanzu ta fi kebul.

Injiniya_Arkilla:
In faifan da ke cikin ta teburin zai iya haɗiye 400. Bai faɗa mana ko menene a ciki ba.

Hajiya_MaiKafe:
Ku kuna da sa'a ma, bidiyo manyan fayiloli ne. Ni a kafe ɗina hotunan fasfo ne da takardun da muka yi wa mutane sikanin, shekara da shekaru. Da zan canza kwamfuta, foldar duka ba ta kai giga 30 ba, amma fayilolin sun haura dubu ɗari. Fim mai giga 4 haddis ɗin nan cikin minti ɗaya yake shanye shi, ita kuwa foldar nan sai na ga gudun yana sauka har 2 MB/s, wani lokaci ma KB yake nunawa. Na bar ta na tafi gida na dawo da safe. Daga baya yaron da ke gyara mana ya ce da na tattara su a zip guda tukuna. Kamar lodin albasa ne a tirela, ya ce, buhu-buhu kafin azahar an gama, amma a ce ɗaya-ɗaya za a miƙa, kowace sai an rubuta ta a littafi, ai sai ta ruɓe a ƙasa.

MaiJanKebul:
Hajiya yaronki ya san aiki. A kan netwok ma abin ya fi muni, don kowane fayil sai kwamfutocin biyu sun yi sallama da amsawa kafin a buɗe shi, a rubuta, a rufe. Sai dai shi haɗa zip ɗin ma yana cin lokaci, don dole a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Inda SSD take cin haddis ke nan da gaske, ba ta da hannun da zai yi ta kai-komo yana neman wuri.

Dan_Illela:
Tambaya a gefe don Allah. Mi ya sa in na tura bidiyo daga waya zuwa waya da Xender ya fi sauri bisa in haɗa wayar da kwamfuta da kebul? Kuma wayata mai bakin Type-C ce.

Dalibi_Dundaye:
Type-C siffar baki ce kawai yaya, ba gudu ba. Wayoyi da yawa masu wannan bakin a ciki USB 2.0 ne, 480 Mb/s, fasahar shekarar 2000, a aikace 30 zuwa 40 MB/s. Ko iPhone 15 haka take, sai Pro ce aka ba 10 Gb/s. Kebul ɗin caja da ake sayarwa ma yawancinsu na 2.0 ne. Shi kuwa Xender Wi-Fi yake buɗewa tsakanin wayoyin biyu kai tsaye, in duka suna da 5 GHz kuma suna kusa da juna yakan kamo kebul ɗin, har ya wuce shi wani lokaci. Bluetooth kam kada ma a kawo shi, 2 zuwa 3 Mb/s ne, ƙaramin b.

Ummu_Sadik:
To ai shi ma mai tambayar sai ya yi da Wi-Fi ya huta da jan waya a ƙasa. Tawa rawutar an rubuta 1200 a kwalinta, ta fi dubun da kuke ta magana.

Injiniya_Arkilla:
Hajiya wannan 1200 ɗin tarawa aka yi: 300 na 2.4 GHz da 867 na 5 GHz, aka haɗa aka cike. Kwamfuta ɗaya ba ta hawa biyun a lokaci guda. Kuma iska ba kamar kebul ba ce, magana ɗaya ake yi a lokaci, in wannan yana faɗa wancan sai ya saurara. Da wuya ki samu fiye da rabi da ɗan wani abu na lambar da ta nuna. In duka kwamfutocin biyu a Wi-Fi suke, kowane kunshi sai ya hau iska sau biyu, zuwa rawuta da fitowa, an sake rabawa ke nan. Ki ƙara bangon siminti a tsakani.

Bagobirin_Gwiwa:
Ku duka kun bar mafi sauri a garin ga. Kabu-kabu. Wani mai biki ya taɓa ce mini in ɗora mishi bidiyonshi a intanet ya sauke daga Gidan Igwai. Munka zauna munka yi lissahi: giga 240, in ɗorawa tana tahiya 10 Mb/s ba tsayawa, awa 53 ne, kwana biyu da awa biyar, ban da kuɗin data. Na ba ɗan kabu-kabu haddis, kahin in gama shan shayi ya kai. Ku lissafa da kanku, haddis mai tera 2 a aljihu, tahiyar minti 20, ya hi gigabit 13 a daƙiƙa. Wane kamfani ka ba ku wannan?

Dalibi_Dundaye:
Kawu ka manta da zubawa da juyewa. Tera 2 a 100 MB/s awa biyar da rabi ne kowane ɓangare.

Bagobirin_Gwiwa:
Yaro, ko da su awa 11 ne da minti 20. Kai ɗora tera 2 ta layin wayarka, in ka gama ka zo ka gaishe ni, in ina da rai.

MaiJanKebul:
Bagobiri ya ci wannan. Inda kabu-kabu yake faɗuwa shi ne in hoto guda kake so yanzun nan, ko kuma ya faɗa rami da haddis ɗin a aljihu.

Malam_Tambuwal:
Maganar intanet ta tuna mini. Mutane suna ganin layin waya daga sama yake zuwa, alhali yawancin abin da muke buɗewa ta ƙarƙashin teku yake biyowa ya sauka Legas, MainOne da Glo-1 tun 2010, Equiano na Google a 2022, sannan a jawo shi da zaren gilashi har nan arewa. Kun tuna Maris ɗin 2024 da wasu daga cikinsu suka yanke a tekun wajen Kwaddibuwa, har tura kuɗi ya gagari mutane? Ranar duk wanda kayan aikinsa ke kan haddis a shagonsa bai san ana yi ba. Shi ya sa nake ce wa yarana abin da za a iya yi cikin ɗaki kada a kai shi Legas a dawo da shi.

MaiKyamara_Mabera:
Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Na duba kamar yadda Injiniya ya ce, 100/100 ya nuna a duka biyun. Na bincika lambar rawutar, ramukanta 10/100 ne. Sai na zare kebul ɗin daga rawuta na soka kai ɗaya a laftof, ɗayan a ta tebur, kai tsaye ba komai a tsakani. Ya ɗan yi jim, sai ga 1000/1000. Na sa kwafin bikin da ya gagara rannan, ya tsaya tsakanin 108 da 113, minti talatin da wani abu ya gama. Yarona har ya buɗe fayilolin ɗaya-ɗaya don bai yarda sun shiga ba. Ashe kebul ɗin da nake ta zagi ba shi da laifi. @Injiniya_Arkilla abin da ka tambaya: laftof SSD ce a ciki, ta SATA, ta tebur kuwa haddis ne mai tera 4, mai juyi 7200.

MaiJanKebul:
Madalla. Na sha ƙasa a wannan, rawuta ce. Dā sai an yi kebul na musamman mai juyayyen kai kafin a haɗa kwamfuta da kwamfuta, ramukan gigabit kuwa da kansu suke ganewa. In kana so intanet ta zauna a duka biyun, ƙaramin suwic na gigabit mai rami biyar za ka saya, ka soka kwamfutocin a kansa, shi kuma ka ja waya ɗaya zuwa rawuta. Kwafin ba zai bi ta rawutar ba.

Dalibi_Dundaye:
Tunda kebul ɗin lafiya yake, me zai hana ya haye 2.5 gigabit? An fitar da ƙa'idarsa tun 2016 don ya yi aiki a kan Cat5e ɗin da mutane suke da shi. Adafta biyu ta USB, wajen 280 MB/s, minti 14 an gama.

Injiniya_Arkilla:
Ka sake komawa kan ƙofa. Ya faɗa maka haddis ne a ta teburin. Mai juyi 7200 in ya yi ƙoƙari 150 zuwa 200 ne, yana cika yana raguwa. Zai samu ƙari, amma ba 280 ba. Ni da kuɗina ne, NVMe, wato SSD mai sauri da ake sokawa kai tsaye a babban allon kwamfuta ta hanyar PCIe, zan fara sa wa ta teburin in allonta yana da wurin. Ko ta PCIe 3.0 tana kai 3500 MB/s, ta 4.0 kusan 7000. Ba don kwafi ba ma, don yaron da ke haɗa bidiyo ya daina jiran faifai duk sanda ya ja layi gaba ko baya. Kwafi sau ɗaya ne a biki, haɗawa kuwa kwana uku ake yi.

Hajiya_MaiKafe:
A dai kula da inda za a saya. Na taɓa sayen wata SSD ta waje a kasuwa, an rubuta tera 2, kuɗin ma ya kamata ya ankarar da ni. Ta karɓi kaya lafiya, da na zo buɗewa rabi babu. Da muka fasa kwalin, ƙaramin memori ne aka manna da gam, aka sa ƙarfe don ta yi nauyi. Tun daga nan duk abin da na saya sai na cika shi taf na sake buɗewa kafin in yarda da shi.

Injiniya_Arkilla:
Ko ta gaske ce, masu arha suna da ɗabi'a: su fara da gudu, bayan 'yan gigogi sashen da ke karɓar kaya da sauri ya cika, sai ka ga ta faɗo ƙasa da haddis ma. Ga mai giga 240 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma zafin garinmu. NVMe a cikin ɗan kwalin USB, watan Afrilu, shago ba fanka, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Mai jikin ƙarfe ya fi na roba.

Ummu_Sadik:
Ni ban san lissafinku ba, amma tun ɗazu nake son tambaya. Me ya sa sai ya zuba a laftof sannan ya kai ta tebur? Ya soka memorin a ta teburin mana tun farko.

Bagobirin_Gwiwa:
Hajiya ta kashe zance. Injiniyoyi ina kuke?

Injiniya_Arkilla:
Tambaya ce mai kyau. Memori irin na UHS-I da abin karantawa na USB 3 wajen 90 MB/s yake bayarwa, minti 45 ke nan, kuma wannan matakin dole ne ko ta ina ya bi. Abin da ta faɗa ya cire mataki na biyu gaba ɗaya.

MaiKyamara_Mabera:
Hajiya gaskiyarki, amma akwai dalili. Memori uku gare ni, ba sa ɗaukar biki guda. A wurin bikin nake juyewa a laftof tsakanin ɗaurin aure da walima, in goge in ci gaba. Kuma ina son kaya su zauna wuri biyu. Na taɓa ɓatar da bidiyon kamun wata amarya, uwarta har yau in mun haɗu a hanya ba ta amsa gaisuwata.

Malam_Tambuwal:
To in haka ne, matsalarka memori ce kafin SSD. Goge kati a tsakiyar biki alhali kwafi ɗaya ne a duniya, ni ba zan iya ba.

Dalibi_Dundaye:
Ni dai har yanzu ina kan 2.5. In ya sa NVMe ɗin da Injiniya yake faɗa, gigabit ce za ta koma mai riƙe shi, laftof tana iya bayar da 500 ana ba ta hanyar 113.

Injiniya_Arkilla:
Wannan kam na yarda, amma bayan NVMe, ba kafinta ba.

MaiKyamara_Mabera:
Yanzu kun ba ni abu huɗu: suwic, NVMe, adafta da ƙarin memori, kuɗin guda ɗaya kuwa gare ni, ga biki ranar Asabar a Wamakko. @MaiJanKebul in na ɗauko hoton cikin ta teburin na turo nan, za ka iya gane ko tana da wurin NVMe ɗin?

MaiJanKebul:
Turo. Ka kashe ta tukuna ka zare wuta, ka hure ƙurar, ka haska tsakanin fankar tsakiya da katin hoto. Wani lokacin ramin a ƙarƙashin katin yake ɓoyewa.